Ladi da Ɗanwake: cin kyanwa, shanta da wasanta

Ɓeraye ne suka sa muka kawo kyanwa gida. Ɗakin ajiyarmu a Tudun Wadan Zariya katanga ɗaya ce tsakaninsa da mai injin niƙa, saboda haka duk buhun masarar da muka ajiye sai mun raba da su. Ƙanwar maigidana ta aiko mana da wata 'yar mage fara a cikin kwali ran Lahadi, yara suka sa mata suna Ladi. Da ta girma ta haihu muka rarraba 'ya'yan, muka bar muzuru ɗaya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, shi ne Ɗanwake. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, don haka wuni nake yi da su a gabana. Aikin ɓeraye sun gama shi tuntuni. Abin da ya rage mini shi ne kallon halinsu, kuma babu abin da ya fi ɗaure mini kai irin sha'anin ruwa.

Na ware wa Ladi kwanonta, ina wanke shi kullum, ina zuba ruwa mai kyau, ina ajiyewa kusa da abincinta. Za ta zo ta sansana, ta kaɗa kunne ta wuce. Amma da zarar an taɓa buta za ta taso. Wurin alwala ne mashayarta, sai kuma gindin randa inda ruwa ke tsattsafowa, sai bakin famfo idan an kawo ruwa yana ɗiga. Ranar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta kama ta da kai tsundum cikin bokitin da ta tara don alwalar Azahar, sai ta ɗaga murya ta kira ni: "Ke 'yar nan, zo ki zubar da ruwan nan, magenki ta sa baki." Malam yana zaure ya jiyo, ya shigo ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ai ba sai an zubar ba." Ya kawo mata hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, cewa an zuba masa ruwan alwala kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, sannan ya faɗi cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku. Hajiya ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma dai a sake mata wani ruwan. Aka sake.

Wani likitan dabbobi a Samaru, ranar da na kai su rigakafi, shi ya fara warware mini zaren. Kakannin kyanwar gida magen daji ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda har gobe tana nan a dazukan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Abin da ya haɗa ta da mutum shi ne abin da ya haɗa ni da Ladi: mutane sun fara noma, sun tara hatsi, ɓeraye sun taru, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da mage a binne kusa da juna. Dabbar da ta tashi a irin wannan ƙasa ba ta dogara da tafki ba, daga jikin abin da ta kama take samun ruwa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Ƙodarta na iya tattalin ruwa sosai, shi ya sa fitsarinta ke da wannan ƙarfin wari da kowa ya sani. Ƙishirwa ba ta cika damunta ba, sai abin ya ja hankalinta take sha, kuma ruwan da ke motsi ko ɗiga ya fi jan hankalin nata. Idonta ma ba ya ganin abin da ke dab da hancinta da kyau, shi ya sa Ɗanwake kan tsoma hannu a ruwa ya girgiza shi kafin ya kai baki.

Da na ɗauke kwanon daga gefen abinci na mayar da shi gindin randa, na kuma canza shi da faffaɗan kasko na ƙasa wanda ke sanyaya ruwa, sai ga Ladi tana sha. Yanzu kasake biyu ne a tsakar gida, ɗaya a inuwar dalbejiya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maƙura, nakan ƙara romo marar gishiri a abincinsu. Wannan ya fi muhimmanci ga masu saya wa magensu busasshen abincin nan na kanti, wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Muzuru musamman, hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. Duk wanda ya ga muzurunsa yana yawan tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita, kada ya jira gobe, wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki.

Shan kansa abin kallo ne. Ni a zatona da harshe take kamfato ruwa. Ashe a 2010 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ɗauki hoton abin da kyamara mai saurin gaske, suka ga cewa tana lanƙwasa kan harshen baya ne, ta ɗan taɓa saman ruwan kawai, ta fizge shi sama. Ruwan sai ya biyo harshen a miƙe, ita kuma ta rufe baki kafin ya koma ƙasa, wajen sau 4 a daƙiƙa ɗaya. Babban ɗana ya ɗauki Ladi da waya ya rage gudun bidiyon, muka taru muna kallo har da Hajiya. Shi ya sa za ta sha ta ƙoshi gemunta a bushe, alhali kare sai ya jiƙa ko'ina.

Batun ci kuwa, yawancin gidajenmu ragowar tuwo ake jefa wa mage a ce ta nemi sauran da kanta. Ladi takan lashe miyar tas, ta bar tuwon fari fat, ta kalle ni. Hajiya ta ce tsabar iyayi ne. Ni kuma na gane cewa ba ta ga abinci a wurin ba ne. Mage maciyiyar nama ce zalla, akwai wani sinadari a nama da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe, kuma rashinsa na makantar da ita ya raunana mata zuciya. A 1987 ne likitocin dabbobi a Kalifoniya suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar mage. Zaƙi kuwa ba ta ma san shi ba. A 2005 masu bincike a Filadelfiya suka gano cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi a lalace take a jikin mage, har da damisa. Yara sun sha miƙa wa Ɗanwake alewa da rake, ko kallo ba su ishe shi ba. Amma a bar kunun gyaɗa ko man shanu a buɗe, yanzu za a ji ƙarar murfi. Maiƙon yake bi.

Abin da na tsaya a kai ba mai tsada ba ne. Ina da mahaucin da ke tara mini huhu, zuciya da guntattakin nama, sai ƙananan kifi, in dafa ba albasa ba tafarnuwa, domin su biyun suna lalata jinin mage, kuma su ne ke cikin kusan kowace miya da muke yi. Hanta kaɗan nake ba su, yawanta na cutar da ƙashi. Ƙashin kaza dafaffe ba na bayarwa, yana tsagewa ya yi tsini. Madara, wadda kowa ke ɗauka ita ce abincin mage, zawo take sa Ladi, don yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya narkar da ita. Kindirmo cokali guda dai ba ya damunta. Sannan ba sa cin abinci a zama ɗaya. Su ɗan taɓa su tafi, su dawo, su sake tafiya, abin da ke ba Hajiya haushi ke nan, ta ce almubazzaranci. To wanda abincinsa ɓera ne ai kaɗan-kaɗan ya saba ci, sau da yawa a wuni. Abin da ya fito daga firji ma sai na ɗan ɗumama, in ba haka ba Ladi za ta tsaya tana tonon siminti a gefen kwanon, wai binne shi take yi.

Akwai kuma abin da babu likitan da ya ba ni dalilinsa. Ɗanwake yana cin dafaffiyar kabewa, yana kuma bin mai yanka gurji yana kuka har sai an jefa masa. Ladi ba ta taɓa ko ɗaya. Su biyun suna haukacewa a kan shinge, garar nan mai fiffike, idan ruwan farko ya sauka suka taru a gindin fitila, da fara, da kyankyaso. Ƙadangare kuwa Ladi ta ci gangar jikin ta ajiye mini kan a ƙofar ɗaki. Wata safiya ta kawo ɓera da sauran ransa ta dire a gefen dardumar Hajiya, Hajiya ta idar da salla ta ce, "To madalla, yau kuma zakka aka fitar mana." Da damina suna cin ɗanyar ciyawa, wani lokaci su yi amai, sau da yawa kuma ba sa yi. Da rani in babu ciyawa tsintsiyar laushi ke shan wahala, sai da na riƙa shuka musu 'yar dawa a gwangwani.

Wasansu yana da lokaci: asuba da gab da magariba. Wuni suke barci, sai ladan ya yi kiran farko Ɗanwake ya zabura, ya zaga tsakar gida a guje, ya haye dalbejiya, ya diro, ya tsaya cak ya ƙura wa bango ido. Wata baƙuwa da ta kwana gidanmu ta ja ni gefe ta ce, "Maman Abba, wannan muzurun naku yana gane-gane, ku nemi tsari." Tsari kam kullum muna nema. Amma kunnen mage na jin siririyar ƙarar da ta fi ƙarfin kunnen mutum nesa ba kusa ba, irin kukan ɓera a cikin silin ko motsin tsaka a bayan kabad, kuma waɗannan lokuta biyu su ne lokutan farautarta tun asali.

Duk wasan nata ma farauta ce. Laɓewa, rarrafe, tsalle, cafka, shuri da ƙafafun baya. Na lura abin wasa in bai canza kama ba, nan da nan suke gajiya da shi. Ƙwallon roba da Abba ya sayo yana nan ƙarƙashin gado, amma gashin kaza da na ɗaure a bakin sanda, wanda ke tsigewa in sun cafke, ba ya gundurar su. Sun fi zafin wasa in suna jin yunwa, saboda haka nakan ja musu sandar kafin abincin dare, su gaji, su ci, su kwanta, mu ma mu samu barci. Carbin Malam, igiyar cajar waya, murfin kwalba da Ɗanwake ke ɗauka ya jefa cikin kaskon ruwa ya tsaya kamun kifi, duk sun shiga hannu. Ban yarda a yi musu wasa da yatsu ba, don wanda ya saba cafkar hannu yana ƙarami zai cafki ƙafar baƙo yana babba.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne zare. Harshen mage yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga ba ta iya tofarwa, haɗiya kawai take yi, wani lokaci har da allura. Zaren kan maƙale a gindin harshe sauran ya bi hanji ya tattare shi har ya yanka. In an ga zare ya leƙo ta baki ko ta baya, ba a ja, likita ake kai wa. Kowace yamma sai na share gindin keke, na rufe gwangwanin zare da allurai. Haka ledar da aka ƙunso nama ko kifi, a wuta take ƙarewa. Farasitamol kuma, da wasu ke ɓallawa su ba dabba in ta yi laushi, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Maganin ɓera ma haka, don ɓeran da ya ci guba shi ne mai saurin kamuwa. Sai da Malam ya je ya roƙi mai injin niƙa ya koma tarko.

Rigimar da ba ta mutu ba ita ce ta 'yan tsaki. Maƙwabciyarmu tana kiwon kaji, Ɗanwake kuma ƙoshi ba ya hana shi farauta, ko ya cika ciki in ya ga abu na gudu sai ya bi. Mun yi yarjejeniya: ita ta kife tsakinta a akurki har su yi fiffike, ni kuma in rufe shi a ɗakin ajiya da sassafe lokacin da take sakin su. Rannan ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Abba, tsakina goma sha ɗaya ne jiya, yau goma." Na ce, "Maman Sadiya, kin duba sama kuwa? Shaho ma yana gari." Ta ce shaho ba ya barin gashi a gindin dalbejiyarmu. Na biya kuɗin tsako, na kuma sayo ƙaramar ƙararrawa a kasuwar Sabon Gari na ɗaura masa a wuya da lastik mai saki in ya maƙale, amma ya riga ya koyi tafiya ba tare da ta kaɗa ba.