Wasiƙa daga Bamingham: tsofaffin bindigogin da ke jingine a zaurukanmu

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na Bauchi da Gombe. Ina gaishe ku da kyau, da fatan an yi damina lafiya, Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Na san a wannan zamani ambaton bindiga ba ya yi wa kowa daɗi a gida, domin mun ga abin da ta jawo mana. Ku yi mini haƙuri ku saurare ni. Bindigogin da zan yi magana a kansu sun haura shekara ɗari, akasarinsu ma an daina ƙera harsashinsu. A nan Ingila akwai mutanen da suka ba da ransu ga tara irinsu, kuma zaman da nake yi da wasunsu ya sa hankalina ya koma kan abin da muke bari yana ruɓewa a gidajenmu.

Abin da suka fi nema shi ne bindiga mai cin harsashi ɗaya, wadda ake buɗe ta ta baya a sa harsashi, a harba, a zare kwanso, a sake sa wani. Zamaninta bai yi tsawo ba. Ta zo bayan bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, kafin mai ɗaukar harsasai da yawa ta ture ta. Wadda aka fi sani ita ce Martini-Henry, da sojan Birtaniya ya karɓa a 1871. Sunanta na mutum biyu ne: Martini na ƙasar Suwizalan da ya gyara makullin bayanta, da Alexander Henry na Edinbara da ya tsara zanen cikin bututunta. Maharban manyan namun daji sun fi son Farquharson, wadda aka yi wa rajista a 1872, gidan George Gibbs na Bristol ya shahara da ƙera ta. A Amurka kuwa Sharps ce, wadda da ita aka kusa ƙarar da baunar ƙasar don fata kawai, abin da har yau nake jin ciwonsa in na tuna.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa nufin dabba da su ba, na gasar saiti ne. A 1874 an kara tsakanin Amurkawa da 'yan Ayalan a filin Creedmoor kusa da New York, ana harbi daga nisan da ya kai yadi 1,000. 'Yan Ayalan sun zo da bindigogin Rigby na ɗuri ta baki, Amurkawa da Sharps da Remington, aka tashi 934 da 931, Amurkawa suka yi nasara da ƙyar. A Jamus kuwa kusan kowane gari yana da ƙungiyar masu saiti, kuma maƙeran garin Suhl sun yi musu bindigogi masu nauyi, masu kunama biyu: ka ja ta farko ta shirya, ta biyu kuwa da ka taɓa ta kaɗan ta tashi.

Amma abin da ya kama zuciyata shi ne zanen adon da ake yi a jikin ƙarfen bindiga. Mai zane yana zama da ƙarfen a maƙale a gabansa, da 'yar kurfi mai kaifi da ƙaramar guduma, yana yankar ƙarfe layi bayan layi. Babu gogewa, in hannu ya goce ya goce ke nan. Turawan Ingila sun fi son ƙananan furanni da murɗaɗɗun rassa, sirara har sai ka kawo ido kusa. Jamusawa suna haƙa da zurfi, su fito da ganye da barewa da kare a guje, wani lokaci su cusa zaren zinariya ko azurfa a cikin ramin su daddale shi. A New York an yi wani Bajamushe, Louis Nimschke, wanda masana ke gane hannunsa ko bai sa suna ba, kamar yadda tsohon maɗinki zai dubi aska takwas a babbar riga ya gaya maka gidan da aka yi ta. Wani dattijo a nan ya miƙo mini tabarau mai ƙara girma ya ce in duba wurin da layi ya ƙare. Can ne ake gane gwani, domin nasa layin yana sirancewa a hankali har ya ɓace, na ɗan koyo kuwa tsayawa yake yi cak.

Masu tara su ba ƙyalli suke saye ba. Bindigar da aka goge ta da takardar yashi aka shafa mata sabon fenti darajarta ta zube, ko da ta fi kyau a ido. Suna duba hatimin gidan gwaji, wato inda ake gwada ƙarfin bindiga, da ke jikin bututu. Na Bamingham an kafa shi tun 1813, yana nan yana aiki. Suna duba lamba, su bi ta cikin littattafan maƙeran, wani lokaci su gano ranar da aka sayar da wanda ya saya. Doka ma ta san da su: wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, in harsashinta yana cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, ana iya ajiye ta a matsayin kayan tarihi. Da ka yi niyyar harba ta, sai lasisi.

To mu fa? Wannan gari da nake zaune, shi da Liyej ta Beljiyam, sun ƙera bindigogi masu arha ba adadi don kasuwar Afirka. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta hana sayar mana da bindigogin zamani, aka bar mu da na ƙanƙara da albarushi. Shi ya sa irin waɗancan masu zanen zinariya ba su cika isowa ƙasarmu ba. Duk da haka wasu sun ratso Sahara, mayaƙan Rabe sun shiga Borno da bindigogi a 1893, sojan Turawa sun shiga Bauchi a 1902, aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Makaman waɗannan shekaru ba ƙasa ce ta haɗiye su duka ba. Ina da yaƙinin wasu suna rumbuna da ɗakunan tsofaffi, ba wanda ya san labarinsu.

Kuma kada mu raina namu na gida. Baushen maharbi da maƙerin ƙauye ya ƙera, aka naɗe ta da jar fata, aka buga mata ƙusoshin tagulla, aka ɗaure mata laya da wuri, ita ma aikin hannu ce mai ɗauke da tarihin gida guda. Haka bindigogin da ake harbawa a hawan Sallah a gaban Sarki. Ƙasar da aka narka tama tun kaka da kakanni, ga tsofaffin matoya nan a cikin dajin Yankari suna shaida, ba ta rasa gwanayen ƙarfe ba. Abin da ya bambanta mu da mutanen nan shi ne rubutu. Su sun san sunan wanda ya yi zane shekara 150 da suka wuce, mu kuwa maƙerin da ya rasu jiya sunansa yana shirin bin sa. Ana cikin haka masu jari bola suna yawo gida gida, suna sayen ƙarfe da awo.

Ga roƙona ga duk wanda ya gaji irin wannan. Kada ka kankare ta, kada ka yi mata fenti. Busasshen wuri da ɗan mai a tsumma sun ishe ta. Kada a gwada harba ta ko kusa, domin tsohon bututu yana fashewa, kuma da yawa an jingine su ne da ɗurinsu a ciki, albarushi kuwa yana iya tashi bayan shekaru. A nisanta ta daga yara. A zauna da dattijon gidan tun yana da rai, a tambaye shi ta wace ce, wa ya ƙera ta, ina ta je, a rubuta, a ɗauki hoton duk wani hatimi ko rubutu da ke jikinta. Kuma a bi doka: Dokar Makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko bindigar toka ba tare da lasisi ba. Wanda ba zai iya riƙe ta ba ya nemi shawarar mai unguwa ko hakimi, ta hannunsu a sanar da hukuma, a nemi a kai ta gidan tarihi tare da sunan gidan da ta fito.

Ina kuma roƙon Sarakunan Baka da Sarakunan Maƙera na masarautunmu, Allah ya ja zamaninku, ku sa a tattara sunayen maƙeran bindiga na da a kowace gunduma, da garuruwansu da waɗanda suka koya a hannunsu. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu na Bauchi da Gombe za su iya ɗaukar wannan aiki a hutu guda, in aka ba su izini da wanda zai raka su ƙofar dattawa.

Wassalam. Naku, ɗan Bauchi mazaunin Bamingham.