Abin da minti na ƙarshe ya koya mini a ɗakin marubuta

Na ajiye aiki a ɗakin marubutan shirin nan mai dogon zango, kuma tunda masu tambaya sun yi yawa, gara in faɗi dalili sau ɗaya in huta. Akwai maganar kuɗi, amma wannan da sauƙi. Abin da ya raba mu da gaske shi ne minti na ƙarshe na kowane kashi, inda ake yanke labari a bar mai kallo a rataye har mako ya zagayo.

Ogan namu shi ne furodusa, shi ke da ta-cewa a kan kowane shafi, kuma ƙa'idarsa guda ce: kashi ba ya ƙarewa sai an ji ƙara. Ko bindiga, ko birkin mota, ko mace ta ƙwalla ihu a bayan ƙofa, sai allo ya yi baƙi. In ka miƙa masa rubutu, shafin ƙarshe yake fara buɗewa. Sauran shafukan, sai in ya ga dama.

Rigimar ta taso ne a kan wani kashi da aka ba ni a tsakiyar zango. Jarumarmu akanta ce, ta daɗe tana neman wanda ya yi sa hannun bogi da ya jefa abokin aikinta a kurkuku. A fitowar ƙarshe da na rubuta, ta buɗe fayil ita kaɗai a ofis, ta gane rubutun. Na yayanta ne, wanda ya ɗauki nauyin karatunta tun rasuwar mahaifinsu. Sai mai bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa ya leƙo, ya ce, "Kin samu wani abu?" Tafin hannunta na kan takardar. A nan na yanke.

Oga ya karanta, ya ture takardun gefe. Ya ce, "Malam, nan ai ba abin da ya faru. Mace ce zaune tana kallon takarda." Na ce, "Yallaɓai, mai kallo ya san abin da ta sani, ya san abin da za ta rasa ko ta yi magana ko ta yi shiru. Wannan zai kwana da shi." Ya ce shi ba ya biyan kuɗi don mutane su kwana da tunani, so yake su firgita. Nan take ya tsara nasa: ta fito wurin ajiye motoci, a ji tau, allo ya yi baƙi. Da na tambaye shi wa ya yi harbin, sai ya ce wannan aikinmu ne mu nemo kafin mako mai zuwa.

Ba a samo kowa ba, domin babu wanda ke da dalilin harbinta a labarin. Kashi na gaba ya buɗe da cewa tayar mota ce ta fashe. Ni aka sa na rubuta wannan fitowar.

A wajen na fahimci abin da har yau nake ganin shi ne gaskiyar sana'ar. Duk lokacin da ka yanke labari a kan gaɓa, bashi ka ci a wurin mai kallo, kuma farkon kashi na gaba ne ranar biya. In ka nuna masa harbi ka biya shi da taya, ya gane da wa yake hulɗa. Ba lallai ya daina kallo ranar ba. Abin da yake dainawa shi ne yarda, kuma daga nan duk ƙarar da ka saka masa, sai dai ya yi murmushi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Finafinan Amurka masu zuwa mako-mako a sinima a shekarun 1930 da 1940 sun yi ta har ta zama abin ba'a: a nuna mota ta gangara kwari da jarumi a ciki, mako na gaba a sake nuno fitowar da ƙarin hoton da ba a nuna ba a baya, wai ashe ya diro kafin ta faɗi.

Hujjar Oga kullum ita ce Dallas, wani shirin talabijin na Amurka mai dogon zango. Ai bindiga ce, in ji shi, ta tsayar da duniya. Haka ne, a watan Maris na 1980 aka harbi J.R. Ewing, babban mugun labarin, a ƙarshen zango, aka bar mutane wata takwas suna cacar baki, kuma ranar 21 ga Nuwamba da aka bayyana mai harbin, sama da mutum miliyan 80 ne suka kalla a Amurka. Amma Oga ƙarar kawai ya ji. Kafin harbin, marubutan sun ɓata lokaci suna tara wa mutumin maƙiya, har ya zama kusan kowa a shirin yana da dalilin ɗaukar bindiga. Harsashin kuma ya same shi da gaske. Da amsa ta zo, ƙanwar matarsa ce, wadda mai kallo ya sani, ya kuma san abin da ke tsakaninsu. Shi dai wannan shirin ne a 1986 ya dawo da wani jarumi da aka kashe, aka ce duk zangon da ya wuce mafarki ne tsohuwar matarsa ta yi, kuma har gobe da shi ake misali in ana maganar yaudarar mai kallo. Na taɓa kawo wannan a wajen taro. Bayan 'yan makonni Oga ya sa aka daɓa wa yayan jarumarmu wuƙa a ƙarshen kashi, aka wayi gari mafarki ne. Ina zargin ni na ba shi shawarar ba da sani ba.

Abin da na so ya gane, shahararren daraktan fim Alfred Hitchcock ya riga ya bayyana shi a hirarsa da takwaransa François Truffaut a 1962. Mutum biyu na hira, bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu ba zato, ka ba mai kallo firgici na daƙiƙa 15. In kuwa ka nuna masa bam ɗin tun farko, ka nuna masa agogo, hirar banzan nan ta zama minti 15 na zaman ɗar-ɗar. Marubuci sabon shiga yana ɗauka ɓoye wa mai kallo labari ne ke riƙe shi. Sau da yawa sanar da shi ne ke riƙe shi, ya san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba, ko ya san zaɓi biyu da ke gaban jaruma, kowanne da asararsa. Tambayar "me ya faru?" jimla ɗaya ke kashe ta. Tambayar "yanzu me za ta yi?" kuwa sai an yi kashi guda cur ana amsa ta, kuma mai kallo zai shafe makon yana yanke hukunci a madadinta, yana gardama da na kusa da shi.

Da masu kallo suka fara yi mana dariya, har wasu na yin cacar ko wannan karon taya ce ko mafarki, aka kira taro. Oga ya ce marubuta sun gaji, ba su da sabon tunani. Yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a cikinmu, wanda laifinsa kawai shi ne sunansa ne a kan kashin mafarkin, shi aka sallama. Ba wanda ya ce uffan. Kowa na da iyali.

A ƙarshen zango, da aka rasa yadda za a rufe, sai ga fitowata ta dawo: fayil, rubutun yaya, mai bincike a bakin ƙofa, hannu a kan takarda. Ko waƙafi ba a canza ba. Ita ce fitowar da aka fi yin magana a kai a duk zangon, ita ce ta sa aka ba da kuɗin zango na gaba. A jerin sunaye, an rubuta labari da tsarawa na Oga ne. Ya kira ni gefe ya ce, "Ka gani ko, Malam? Komai da lokacinsa."

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ka rubuta ƙarshen kashi sai ka san yadda na gaba zai buɗe, ko da a kan 'yar takarda ce. Ka yanke da wuri, kafin jaruma ta buɗe baki, domin fuskar da ke shirin magana ta fi maganar nauyi. Kada kowane kashi ya ƙare da ƙarfi iri ɗaya, kunne na sabawa. Ka rufe wata tsohuwar tambaya kafin ka buɗe sabuwa, in ba haka ba mai kallo zai ji ana ja masa rai ne kawai. Ka san inda za a kalli aikinka: tun da Netflix ta saki kashi 13 na shirin House of Cards a rana ɗaya a 2013 salon ya bazu, kuma inda kashi na gaba ke farawa bayan 'yan daƙiƙu, ƙaryar taya ba ta samun ko mako guda na ɓuya. Mai tace hoto abokinka ne, ka zauna kusa da shi ranar da ake yanke fitowar ƙarshe, don daƙiƙa biyu na iya gyara ta ko su kashe ta.

Sannan duk daftarin da ka rubuta, ka aika wa kanka ta imel kafin ka miƙa wa kowa, saboda kwanan wata ya zauna a kansa. Nawa yana nan. Ban nuna wa kowa ba tukuna, amma shi Oga ya san yana nan.