Ranar da muka ja jirgin ceto a tekun Sikotlan

Da asuba muka ɗaga daga bakin kogin Clyde, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne, a bayan jirginmu an ɗora wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa na ceto wanda Birtaniya da Faransa da Norwe suka haɗu suka mallaka, a sansanin sojan ruwa na Faslane ake ajiye shi. Ɗan jirgi na ce fa amma kusan tan 30 ne, yana nitsewa har mita 610 ya manne a ƙofar sabmarin, wato babban jirgin ƙarƙashin ruwa, da ta maƙale ya kwaso mutum 15 a sawu ɗaya. Atisaye muka fita, ni aikina igiya da winci, wato injin da ke naɗe ta.

Sauke shi bai ba mu wuya ba. Dawo da shi ne aiki wallahi. Da ya taso ƙeyarsa kawai kake hange, jirginmu na hawa, shi kuma yana gangarawa, in ka yi garajen janyo shi ya daki gindin jirgi, in kuma ka saki da yawa igiyar ta yi sako-sako ta nufi farfela. Kyaftin ya juya hancin jirgi ya fuskanci raƙuman ruwa, ya rage gudu ya koma kamar tafiyar ƙafa don igiyar ta zauna a miƙe, ni ko ina ta ja kaɗan in dakata, duk sanda ta miƙe ruwa ya tsiyayo daga jikinta sai na ji cikina ya ƙulle.

Shugaban ma'aikatanmu wani dattijo ne, ko ƙafa ka sa cikin lanƙwasar igiya zai daka maka tsawa. Shi ya ba mu labarin wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Pisces III, a 1973 can gefen Ailan, ana shirin ɗauke shi igiyar ja ta fizge murfin baya, ruwa ya shiga, ya koma ƙasa mita 480 da matuƙansa Roger Chapman da Roger Mallinson a ciki, sai bayan awa 76 aka fito da su iskarsu saura ta minti 12.

Da ƙyar dai aka kama ɗan jirgin ceton namu aka ɗago, ruwa na zuba ta ko'ina. Matuƙin ya fito fuska duk ta canza, wai can ƙasa lafiya lau yake zaune, saman nan ne ya hautsina masa ciki. Muka naɗe igiya muka wuce shan shayi kafin nitso na gaba.