Katin da ke hannun rigar Baffa

Shekara tara ke nan ina rubuta wa Baffa jawabi. Ƙanin mahaifina ne, hakimi a wata gunduma da ba sai na faɗi sunanta ba. Ban nemi aikin ba, faɗo mini ya yi: ina koyar da Hausa a sakandare, gidana na bayan nasa, kuma ina da kwamfuta da injin buga takarda. A cikin gida Baffa nake ce masa. Da ya naɗa rawani ya fito zaure kuwa ya zama ranka ya daɗe, ni ma in tuɓe takalmi in zauna a ƙasa kamar kowa.

Jawabin farko da na rubuta masa na tarbar Mai Martaba ne, da zai zo mana rangadi. Shafi biyu da rabi. Da na kai masa sai na ce, "Baffa, da za ka haddace shi da ya fi. Basarake da takarda a hannu, ai sai ka ce ɗan makaranta a gasar muhawara." Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba. Na ƙara da abin da na san zai kama shi, cewa mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, har yau kuma yake tilawar izu biyu kafin gari ya waye, shafi biyu ba za su gagare shi ba. Ya yarda. Dare goma muka yi, bayan isha'i, ni ina riƙe da takarda shi yana kawowa da ka. A dare na bakwai ko wasali ba ya kuskurewa.

Ranar taro rumfa ta cika ta batse. Algaita ta yi shiru, aka miƙa masa makirfo, ya fara da basmala da salati, ya gai da Mai Martaba da 'yan majalisa, murya a dake. Ina tsugune bayan kujerarsa ina bin sa da leɓe, zuciyata fes. Ya shiga jerin dagatansa goma sha ɗaya, ya ambaci huɗu, sai wani ɗan bindiga can bakin fili ya saki harbi ba a sa shi ba. Dawakai suka zabura, lasifika ta yi ƙara. Da ƙura ta lafa, Baffa na tsaye, baki a rufe. Ban san tsawon shirun nan a agogo ba, amma ni na ji kamar an yi sallar la'asar an idar. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya tsallaka kai tsaye zuwa roƙon a gyara mana hanya. Dagatai bakwai ba a ambace su ba. Shida suka haɗiye. Na bakwan dattijo ne da gidansu ya riga namu sarauta a ƙasar, ya kuma ɗauka da gangan aka yi. Juma'a biyar bai zo gaisuwa ba, sai da aka tashi limami da wani kawunmu da ƙwaryar goro.

A daren taron Baffa ya aika aka kira ni. Na zata faɗa zan sha. Yana cin tuwo ya ce, "Malam, Alƙur'ani idan na ɓata a salla, akwai mai gyara mini a sahu. Naka littafin, ban da ni wa ya haddace shi?"

Ban sami amsa ba, kuma har yau wannan tambayar ce ta fi koya mini aikin. Na ɗauka hadda hadda ce. Ashe abin da ke riƙe da alaramma ya wuce ƙarfin ƙwaƙwalwa. Shekaru ya yi yana maimaita abu ɗaya, ƙarshen kowace aya na janyo ta gaba, ga kuma jama'a a bayansa da suka san abin da yake karantawa. Mai tafsiri da azumi yana da mai ja masa baki. Makaɗin fada yana da 'yan amshi, suna amsawa shi yana lalubo ɗiyan waƙa na gaba. Ni kuwa na ɗora wa tsoho zubena na kwana goma, ba kari ba amshi, na tura shi gaban Sarki shi kaɗai.

Daga nan na yi abin da wanda maciji ya sara yake yi idan ya ga tsumma. Na ce daga yau karantawa za a yi, kalma bayan kalma. Da Ƙaramar Salla ta zo na buga masa jawabin da zai yi wa jama'a a ƙofar gida bayan an sauko idi. Farar takarda doguwa, ƙananan haruffa irin na wasiƙar ofis. Ban tuna cewa a kan doki zai yi maganar ba. Hannu ɗaya na kan linzami, iska na kaɗa takardar, tabarau ya maƙale a ƙarƙashin rawani yana zamewa, amawali ya rufe baki, ga kai a sunkuye, muryar tana tafiya wuyan doki maimakon makirfo. Bai tsallake suna ko ɗaya ba, wannan kam. Amma kafin ya kai rabi yara sun koma wajen mai alewa, manya suna hirarsu. Da yamma wata gwaggonmu da ba ta ɓoye magana ta ce mini, "Kai ne ka haɗa shi da takardar nan? Yau hakimi bai yi mana magana ba, da takarda ya yi hira."

Laifin bai tsaya kan girman haruffa ba. Da na sake duba abin da na rubuta sai kunya ta kama ni. Akwai inda na sa "samar da ingantaccen yanayi domin bunƙasa tattalin arziki". Baffa tun da aka haife shi bai taɓa furta wannan ba. Shi cewa zai yi a shiga gona da wuri, kada a sayar da hatsi duka a kaka, a bar na ci. Na sa masa Hausar labaran ƙarfe bakwai a baki, dole ta fito kamar ta aro.

Wani abu kuma da na yi jinkirin ganewa, ko da yake a gabana yake tun ina yaro: sarauta a wajenmu ba ta dogon jawabi ba ce. Je ka fadar Kano ka faɗi gaisuwa, fadawa ne za su amsa maka da "Sarki ya gaishe ka", shi iyakarsa ya ɗaga hannu. Sanarwa aikin sankira ce, wasiƙa ta magatakarda. Amawalin nan da ya dame ni a makirfo, ai alama ce ta bakin da ba a buɗe shi barkatai. Tsayuwa a yi minti ashirin ana jero buƙatu baƙon abu ne, ya shigo ne tare da lasifika da rediyo da tarukan gwamnati. Ni ne na matsa sai Baffa ya yi magana kamar kwamishina.

Yadda muke yi yanzu ba ni na ƙirƙiro ba, shi ya tsara. Kwana uku kafin taro nakan same shi bayan la'asar, in kunna rikoda a waya, in ce, "Baffa, me kake so mutane su tafi da shi gida?" Ya yi ta magana yadda ya saba, da karin maganarsa da komai. In koma in zauna in tace, in fitar da abu uku, in ya yi yawa huɗu. Waɗannan ba a haddace su, ba a kuma karanta su, tunda nasa ne tun asali. Abin da ke shiga kati shi ne wanda kuskure a cikinsa ke jawo tashin manzo da goro: sunaye da sarautu bisa jerin girma, ranaku, adadin kuɗi, sunan unguwar da za a fara rigakafi. Katin kwali ne mai kauri, bai fi tafin hannu ba, iska ba ta lanƙwasa shi. Kuma da ajami. Shi ya ce in daina wahalar da shi da boko, idonsa ya fi saurin kama ajami ko ba tabarau. Na koma ina rubutawa da hannu da baƙar maka, ina cika wasulla tsaf, don a ajami suna ba wasali ana iya karanta shi fuska biyu. Sai da na koma wajen wani malamin allo ya gyara mini hannu, ina malamin Hausa guda.

Addu'a da gaisuwa ba na taɓa su. Haka kalmomin naɗi. Sau ɗaya na ce zan rubuta masa abin da zai faɗa wa sabon mai unguwa, ya yi dariya har da tari. Wasiyya da tsoron Allah, riƙon amana, a bi na gaba, kada a ci haƙƙin maraya da na baƙo: tun yana goye yake jin mahaifinsa na faɗar su. Wannan ita ce haddar da ke da sahu a bayanta, in ya yi tuntuɓe rabin zauren zai iya ɗora shi.

Raina takardar da na yi da farko bai gama fita daga kaina ba sai ranar 6 ga Mayu, 2023, da muka kalli naɗin Sarki Charles na Ingila a talabijin ɗin falon Baffa. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana jiran gado, ga shi a cocin Westminster yana satar kallon katin da aka riƙe masa a gefe, har a amsoshin da ba su fi kalma uku ko huɗu ba. Wani ƙanena ya ce abin kunya ne. Baffa ya ce, "Rantsuwa yake yi. Wa ke rantsuwa da kame-kame?" Wataƙila ma Charles ya tuna ɗaurin aurensa na 1981, inda amarya Diana ta juya jerin sunayensa, ta fara da Philip kafin Charles, alhali maimaitawa kawai take yi bayan babban limamin coci. Idon jama'a yana karya harshe ko na wane ne. A Japan ma, da Sarki Naruhito ya shelanta hawansa gado ranar 22 ga Oktoba, 2019, takarda ya buɗe da hannu biyu ya karanta, babu wanda ya ce martabarsa ta ragu.

Akwai ma inda karantawar ita ce saƙon. Jawabin da sarkin Ingila ke yi wajen buɗe majalisa gwamnati ce ke rubuta shi. Charles ya karanta nasa na farko a matsayin sarki ranar 7 ga Nuwamba, 2023, murya ba hawa ba sauka, don kowa ya san manufofin na firaminista ne, shi baki kawai ya ara. Da zai kawo su da ka, yana kaɗa hannu, da an ce ya shiga siyasa. Wannan na gane shi sarai, don mu ma akwai ranakun da nake ajiye kati in koma cikakkiyar takarda. Idan maganar ta shafi rikicin manoma da makiyaya ce, ko fili, ko lokacin zaɓe ya gabato, Baffa karantawa yake yi daga farko har ƙarshe, in kuma adana kwafi mai kwanan wata. Yanzu kowane taro akwai waya hamsin a sama. Hakimi kuwa ba mai cin gashin kansa ba ne, akwai majalisar masarauta a kansa, akwai ƙaramar hukuma a gefe, kalma ɗaya ta isa a aiko masa da takardar neman bayani. An taɓa yanko daƙiƙa ashirin daga maganarsa kan burtali aka watsa a WhatsApp, aka cire farkon jimlar da ƙarshenta. Da aka kira shi, takardar nan muka ɗauka muka tafi da ita. A irin waɗannan ranaku na san jawabin zai fito salam, gwaggo ma za ta yi ƙorafi, na haƙura.

Abin da har yanzu muke ja-in-ja a kai shi ne ɓoye katin. Ni ina ganin ya fito da shi fili, ba abin kunya ba ne. Shi kuma ya fi son ya soke shi a naɗin hannun babbar riga, ya zaro in ya zo kan sunaye, ya mayar. Ya ce ba kunya yake ji ba, amma idan mutane suka ga takarda tun farko sai su saki kunne, su ce ta ofis ce.

Babbar Sallar da ta wuce minti huɗu ya yi a kan doki. Ya yi addu'a, ya yi maganar taki da ta yaran da ake cirewa daga makaranta da damina, ya ba mutane dariya da zancen masu sayen babur da kuɗin iri. Ya zaro kati, ya jero dagatai goma sha ɗaya da limamai, ya mayar. Da ya sauka aka kama masa linzami, ya miƙo mini katin ya jiƙe da gumi, ga jan goro a gefe ɗaya. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, yau kam ba gyara."

Ya ce, "Akwai. Ka sa limamin Juma'a bayan na masallacin kasuwa. Ni na juya su da baki."