Darussa daga haɗa ledar sitacin rogo

Tun da aka hana leda a Njamena, babban birnin Chadi, a 2010, Kamaru ma ta fara aiki da dokar hana siririyar leda mai kaurin mikron 60 zuwa ƙasa (mikron dubu ne milimita ɗaya) a 2014, ɗaliban fasahar abinci, musamman a Ngawundare ta Kamaru inda rogo yake da yawa, suka yi ta gwada ledar sitaci mai ruɓewa. Haɗin ba wuya. Wuyar tana wajen iska, domin wannan leda tana shan danshi tana kuma sakinsa, kuma yanayin gari ne ke juya ta.

Ana samun sitacin kamar yadda ake gasara: a fere rogo, a goga, a tace da ƙyalle, a bari ya kwanta, a tsiyaye, a wanke sau uku, a shanya. A ruwa lita 1 ana zuba sitaci giram 50 da gilisirin (wani ruwa mai kauri marar launi) giram 15. Da ruwan sanyi ake fara damawa. Wanda ya zuba gari a ruwan zafi gudaji zai samu, kamar kokon da hannu bai iya ba. Sai a ɗora tukunyar cikin wata mai ruwan zafi, ana juyawa. Wajen digiri 65 na ma'aunin Celsius farin zai fara gushewa, kullun ya yi yauƙi, ana hango gindin tukunya. Nan mutane da yawa ke saukewa, kuma kuskure ne. A kai shi digiri 80 zuwa 85, a riƙe minti 20, in ba haka ba ƙwayoyin sitacin da ba su fashe ba za su bar fararen ɗigo, kuma daga nan ledar ke yagewa. Bayan saukewa a bar shi ya huta har kumfa ta taso, don kowace ƙwayar kumfa rami ce gobe.

A zuba a faranti na roba mai santsi, zurfin milimita 3, a tabbata bai karkace ba. Lita guda ba ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na abin da aka zuba ruwa ne da sai ya tashi. Shi ya sa wannan hanya ta gwaji ce; masana'anta da injin matsa take aiki, da ruwa kaɗan.

Batun gilisirin shi ne darasin da ya fi tsada. Shi ke shiga tsakanin zaren sitacin ya ba shi laushi, yana kuma jawo danshi. Haɗin da ya yi kyau a Ngawundare cikin damina, in aka kai shi Marwa, can arewacin Kamaru, da hunturu, sai ya bushe ya riƙa karyewa kamar ƙanzo. In aka ƙara gilisirin ya haura kashi 40 cikin 100 na nauyin sitaci don a gyara hakan, watan Agusta na zuwa ledar ta fara gumi, ta manne da 'yar'uwarta, fumfuna ta hau. Ba ma'auni ɗaya na shekara, ana yin na rani da na damina. Shanya a tsakar rana kuwa ɓarna ce: sama ta ƙafe, ƙasa da lema, sai ta nannaɗe ta tsage. Inuwa mai iska, da rufin ƙyalle saboda ƙura, kwana ɗaya zuwa biyu.

Abin da za a ƙunsa ma sai an zaɓa. Muddin a bushe take, tana tare iskar oksijin da kyau, mai kuma ba ya saurin ratsa ta, don haka ta dace da ƙuli-ƙuli, yaji, dakuwa da busasshen kilishi. Danyen nama, nono ko alala kuwa narkar da ita suke yi. Shafa mata kakin zuma siriri, wanda ba a rasa shi a Adamawa, yana rage shigar ruwa, amma in ya yi kauri sai ya fashe wajen lanƙwasa.

Ruɓewar ma da sharaɗi: a ƙasa mai lema makonni kaɗan ne, a busasshen yashin bazara kuwa tana nan har ruwa ya sauka. Ledar kasuwa da aka rubuta mata "mai ruɓewa", ɗigon aidin zai nuna sitaci in ya koma shuɗi-baƙi, amma bai nuna ko an gauraya ta da robar man fetur ba. Sai an binne yanki an tono bayan wata biyu.