Farin saurayin da ke ɗaukar kankare

Shekarata ta farko a aikin fassara aka miƙo mini wata takarda ta Faransanci a kan ginin madatsar ruwa, aka ce in mayar da ita Hausa don a karanta wa leburori. Ina cikin tafiya lafiya lau sai na ci karo da kalmar "blondin". Na buɗe ƙamus, ya ce saurayi mai gashi ruwan zinare. Ban tsaya wata-wata ba na rubuta cewa wasu samarin Turawa biyu ne za su riƙa haye kwazazzabo da kankare. Har ina jin daɗin na kauce wa "farin gashi", tunda a wurinmu wannan furfura ce.

Wani dattijon injiniya ne ya duba aikin. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariya har da share hawaye.

"Ɗana, waɗannan samarin naka tan nawa suke ɗauka a kai?"

Ya jawo takarda ya zana mini hasumiya biyu, ɗaya a kowace gaɓa, da igiyar ƙarfe a miƙe tsakaninsu. A kan igiyar wani ɗan keke ke gudu, ƙugiya na reto a ƙarƙashinsa, tana sauke bokitin kankare duk inda ake so. Ya ce wannan shi ne blondin ɗin.

Kunya ta sa na bi diddigin sunan, ashe na mutum ne. Jean-François Gravelet, Bafaranshen da aka haifa a 1824, ya yi suna da laƙabin Charles Blondin wajen tafiya a kan igiya. Ranar 30 ga Yunin 1859 ya haye kwazazzabon Nayagara, tsakanin Amurka da Kanada, a kan igiyar da ta haura mita 300. Bai tsaya nan ba: ya sake hayewa da idanu a ɗaure, ya haye goye da manajansa Harry Colcord, wata rana ma ya zauna a tsakiya ya soya ƙwai. Da masu fasa dutse a Sikotilan da Wales suka fara rataya kaya a igiya suna jan su ta saman rami, ba su wahalar da kansu neman suna ba, suka ce ga Blondin nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ko ma'anar gashin ba ta zauna wuri ɗaya ba. A Rashanci blondin namiji ne, mace kuwa blondinka. A harshen Suwidin kuma idan aka ce blondin, yawanci mace ake nufi. Da takardar daga can ta fito, da 'yan mata na ɗora wa kankaren.

Mu ma muna da irin wannan kalma mai sunan mutum a aljihu. Biron da ake rubutu da shi a Kano sunan László Bíró ne, ɗan jaridar Hangare da ya ƙirƙiro shi. Ka haye Maraɗi ka ji ana ce masa bik.

Daga ranar, kalmar sana'a sai na kira mai sana'ar kafin in taɓa ƙamus. A takardar dai na rubuta "na'urar ɗaukar kaya mai gudu a kan igiya". Injiniyan ya ce ta yi tsawo, leburori ba za su faɗa ba. Da na je wurin aikin bayan wata biyu, "bulandan" na ji suna cewa.