Talata: Inna da maganin olsa

Yau da sassafe na raka Inna asibiti kan ciwon cikin nan nata da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Gwajin bahaya ya nuna ƙwayar cutar da ake kira H. pylori, likita ta rubuta mata maganin mako biyu.

Tun a cikin a-daidaita-sahu ta soma mita. "Shekara talatin ke nan aka ce min olsa yunwa ce da yaji da yawan tunani, in riƙa shan madara. Yau kuma ƙwayar cuta? Jibi me za su ce, ɗan nan?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna," na ja bakina. Amma har isha'i maganar tana cin raina.

Likitan wancan lokacin bai yi mata ƙarya ba, iyakar saninsu ke nan. An yi amanna tsamin ciki ba ya barin wata ƙwayar cuta da rai. Sai a 1979 Robin Warren, wani likita a Perth ta Ostireliya, ya ga ƙwayoyin da idonsa a madubin ƙara girma. A 1982 shi da wani likita, Barry Marshall, suka raine su a ɗakin gwaji, shi ma da sa'a, don hutun Ista ne ya sa aka bar faranten gwajin suka ƙara kwanaki. Abokan aiki suka yi ta ɗaga kafaɗa. A 1984 Marshall ya kwankwaɗe ƙwayoyin da kansa, kwanaki kaɗan ya hau amai. Ni kam ko da kuɗi!

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kumburin bangon ciki ya samu, ba olsa ba, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne. Marasa lafiyar da aka kashe wa ƙwayar, gyambonsu ya daina dawowa, su suka karya gardamar, har aka ba Warren da Marshall kyautar Nobel a 2005. Ko yanzu da sauran magana: ɗimbin mutane na ɗauke da ƙwayar lafiya ƙalau, wasu kuma asfirin ne ya huda musu ciki.

Na kwashe duk wannan na faɗa wa Inna. Ta haɗiye maganinta, ta bi shi da kofin madara, ta ce in sun sake canza magana ita ba ta yi asara ba.